Gurjin teku: ta yaya ake gane an cinye shi, kuma me ake yi bayan nan?

Wani ƙanena a Daura, mai harkar riɗi da zoɓo, ya aiko mini da tambaya bayan dawowarsa daga Sin. Abokin cinikinsa na can ya kai shi kasuwar busassun kayan teku, ya nuna masa wani abu baƙi mai tauri kamar guntun icen da wuta ta lasa, wanda kuɗin kilo ɗaya na mai kyansa ya fi kuɗin buhun riɗi nesa ba kusa ba. Mutumin ya ce in zai iya samo masa daga Saliyo ko Zanzibar, ko nawa ne zai saya. Sai kuma ya ji cewa ƙasashe da yawa sun hana kama abin, wai an cinye shi. Tambayarsa ita ce: "Yaya, abin da ke ƙarƙashin teku, ta yaya ake sanin ya ƙare? In an rufe, shekara nawa yake yi ya dawo? Kuma kana ganin in sa kuɗina?"

To, ƙanena, abin da ka gani ba kifi ba ne, ba kuma tsiro ba ne. Dabba ce, dangin wannan halittar mai kama da tauraro da ake gani a bakin teku. Turawa da Larabawa sunan kokwamba suka laƙaba masa, mutanen Zanzibar suna ce masa jongoo bahari, wato ƙadandoniyar teku, abokinka kuwa haishen zai ce maka. Ni gurjin teku nake kiransa, don da gurji ya fi kama in yana kwance a ruwa. Irinsa ya haura 1,500, amma waɗanda ake kasuwancinsu ba su wuce 70 da wani abu ba. Ba ya rayuwa a ruwan daɗi, saboda haka duk wanda ya zo maka da maganar zuba shi a Sabke ko Zobe, kuɗinka yake so. Aikinsa a teku irin aikin tana ne a gona: ya haɗiyi yashi da laka, ya tsotse ruɓaɓɓen abin da ke ciki, ya fitar da yashin a wanke. Batun halacci kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya dabbobin ruwa halal ne, matsalar ba daga nan take ba.

Na taɓa ganin yadda ake sarrafa shi lokacin da aka tura mu wani kwas a Zanzibar. A bayan gidan wani dillali ne, an raba duro biyu an ɗora rabin a kan murhu. A tsaga cikin, a zubar da hanji, a dafa, a barbaɗe da gishiri, a sake dafawa, sannan a shanya a rana kwana da kwanaki har ya yi tauri kamar dutse. Akwai wani iri mai zama cikin yashi da fatarsa ke da wani farin abu kamar alli, shi da ganyen gwanda ake murje shi, kamar yadda matanmu ke yi wa nama mai tauri. Warin wurin sai da ya bi ni har masauki. Abin da nake so ka riƙe daga wannan shi ne yawan raguwar da yake yi. Kilo 100 na ɗanye, in ya bushe, da ƙyar ka samu kilo 10, wani irin ma 5 za ka samu. Buhu ɗaya na kilo 50 da ka gani a kasuwa, rabin tan ne zuwa tan guda aka kwaso daga ƙasan teku.

Wannan ciniki tsoho ne. Tun a shekarun 1700 masu jiragen ruwa na Makasar da ke Indonesiya suna zuwa arewacin Ostireliya neman sa, har zuwa 1907. Abin da ya canza shi ne daga shekarun 1980 mutanen Sin suka fara samun kuɗi, abincin da da sai gidan sarauta ya zama na biki da na kyauta, buƙata ta bazu duniya. Wani nazari da aka buga a 2013 ya duba wurare 77 da ake kamun sa, ya samu kashi 38 cikin 100 ana kamawa fiye da ƙima, kashi 20 kuma an riga an kwashe. A 2013 ɗin ce ma aka sa iri 16 a jerin halittun da ke fuskantar ɓacewa.

Dalilin saurin ƙarewarsa ba ɓoyayye ba ne. Kifi yana gudu, yana ɓuya, yana ganin mai jar koma. Gurjin teku yana kwance ne kawai, sai ka sunkuya ka ɗauka kamar mai tsintar goriba. In ruwa ya janye, mata da yara ma da ƙafa suke shiga su tsinto. Ga shi kuma duk lokacin da ya ƙara wuya, kuɗinsa ƙaruwa yake yi, don haka ƙarancinsa ba ya korar mai nema, sai ma ya ƙara jawo shi. Kai ɗan Daura ba sai an yi maka dogon bayani a nan ba, ka ga abin da ya faru da jakuna. Ana fara sayen fata ana kai wa Sin, jakin da talaka ke saye ya yi dakon ruwa da taki ya fi ƙarfinsa, Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka ta hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Haka aka yi wa icen madobiya. Salon ɗaya ne: mai saye yana nesa, ba ruwansa da gobe, in wuri ya ƙare sai ya naɗe tabarmarsa ya koma gaba.

Sai dai akwai wani dalili da ya fi waɗannan muni, kuma shi ne tushen duk abin da zan faɗa maka. Gurjin teku ba ya barbara irin ta dabbobin tudu. In lokaci ya yi, namiji ya ɗaga gabansa ya saki maniyyi cikin ruwa, mace ta saki ƙwai, ruwa ne zai haɗa su. Ka tuna da dabino. In namijin dabino yana nesa da mace, iska ba ta kai garin furen, sai mace ta yi ta tsayuwa shekara da shekaru, kore shar, ba 'ya'yan kirki, shi ya sa masu lambu ke hawa su yi barbarar da hannu. To a teku ba mai hawa ya yi wannan aikin. In an tsince su har tazarar da ke tsakanin ɗaya da ɗan'uwansa ta yi yawa, maniyyin sai ya narke a ruwa kafin ya iske ƙwai. Za ka nutse ka ga ɗaya nan, ɗaya can, manya lafiyayyu, ka ce ai da saura. Alhali gwauraye ne. Suna raye, amma zuri'a ta yanke. Wannan ya sa mai auna gurjin teku ba yawansa kaɗai yake tambaya ba, yana tambayar kusancinsu da juna.

Yanzu ga tambayarka ta farko. Abin da hankali zai fara ba mutum shi ne ya duba nawa ake fitarwa duk shekara, in adadin bai faɗi ba, lafiya ke nan. A wannan sana'a babu abin da ya kai wannan lissafin yaudara. Masu nutso suna fara wa ne da iri mai tsada a ruwa marar zurfi kusa da gari. Ya ƙare, su ƙara mai a injin su tafi nesa. Can ma ya ƙare, su ɗauko tukunyar iska su nutsa ƙasa. Mai tsada ya ƙare gaba ɗaya, su koma kan mai araha da da ko kallonsa ba sa yi. Duk wannan lokacin takardar kwastan tana nuna tan kaza na gurjin teku, bara da bana kusan ɗaya, domin ba ta rarrabe iri, ba ta faɗin nisan da aka je, ba ta faɗin zurfin da aka nutsa. Kamar maigidan da ke auna arzikinsa da yawan tuwon da ake tuƙawa kullum, bai taɓa leƙa rumbu ba. Ranar da adadin zai faɗi, faɗuwar gaba ɗaya ce. A Masar an fara kamun sa a Bahar Maliya a 1998, ba a yi shekara biyar cikakku ba aka kwashe manyan irin, zuwa 2003 gwamnati ta hana.

Hanyoyin da muka saba auna kifi da su ma ba sa aiki a kansa. Kifi yana da wani ɗan dutse a kunne mai zobba kamar na kututturen ice, da shi ake ƙirga shekarunsa. Gurjin teku ba shi da shi. Kifi ana maƙala masa lamba a sake shi, a sake kama shi a ga girman da ya ƙara. Gurjin teku in ka huda shi ka sa lamba, bayan ɗan lokaci jikinsa ya tofar da ita. Ko tsawonsa ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na auna wani a cikin ruwa ya kusa taƙi biyu, na ɗago shi na ɗora a kan allo, ya tsartar da ruwa ya dunƙule, bai fi taƙi ɗaya da ɗan yatsa ba. In ka matsa masa da taɓawa, sai ya amayar da hanjinsa duka a hannunka, daga baya wani ya tsiro masa. Dabbar da ba ka san shekarunta ba, nauyinta kuma yana canzawa tsakanin safe da yamma, ba a yi mata lissafin ofis. Dole a shiga ruwa a ƙirga.

Ga yadda ake yi. Da farko a zana taswirar ƙasan ruwan, a raba shi gida-gida: inda ciyawar teku take, inda yashi ne zalla, inda duwatsun murjani suke, inda zurfi ya fara. Kowane iri da inda yake so, in ka haɗe su ka ɓata lissafi. Sannan a zaɓi wuraren ƙirga da ƙuri'a. Wannan yana da muhimmanci, domin in ka bar mai nutso ya zaɓa, inda ya san akwai zai kai ka, ka dawo da labarin yalwa. A kowane wuri a shimfiɗa igiya a ƙasa, mutum ya bi ta da sanda a hannu, ya rubuta duk wanda ya gani a faɗin da aka yanke, da irinsa, da tsawonsa da faɗinsa, ba tare da ya taɓa shi ba. A ruwa mai faɗi kuwa kwalekwale ke jan mutum a hankali yana riƙe da allo yana duban ƙasa.

Bari in yi maka misali da lissafi, na ƙirƙira ne don ka ga yadda abin yake. A ce filin ciyawar ya kai hekta 2,000. An ja igiya 60, kowace tsawon mita 100, faɗin mita 2. Kowace igiya ta rufe murabba'in mita 200 ke nan, duka 60 ɗin sun rufe 12,000, wato hekta 1.2. A ce an ga guda 18. Ka raba, hekta ɗaya tana da 15, filin duka yana da kamar 30,000. Dillali zai ji 30,000 ya ce ai dukiya ce, a buɗe. Amma 15 a hekta yana nufin tsakanin ɗaya da na kusa da shi akwai kamar mita 26. Ga dabbar da ke jan ciki 'yan mitoci a yini, wannan tazarar tafiya ce. Sannan a duba yadda 18 ɗin suka rarrabu. In 14 daga ciki a igiya 3 kaɗai aka same su, sauran 57 kusan fayau, to 30,000 ɗin nan zai iya zama 10,000, zai iya zama 50,000, kuma mai hankali da na ƙasa yake aiki. Lokacin ƙirga ma yana da tasiri, domin irin nan mai son yashi yana binne kansa wani sashe na yini, in ka zo a lokacin sai ka rantse babu. Shi ya sa ake maimaita ƙirgar a wata ɗaya, a yanayin ruwa ɗaya, shekara bayan shekara. Kuma adadin ba ya da ma'ana sai an gwada shi da wani abu, wato wurin da ba a taɓa kamu ba ko aka daɗe da rufewa. In can ana samun ɗaruruwa a hekta, nan ana samun 15, magana ta ƙare.

Akwai kuma awo na tudu, wanda ba ya cin kuɗi, kuma kai ma za ka iya. Littafin dillali ya fi takardar gwamnati gaskiya. 'Yan kasuwa suna sayen sa ne da lissafin guda nawa ke cika kilo. In shekara biyar da suka wuce guda 20 ke cika kilo, yanzu sai 60, an cinye iyaye an koma kan 'ya'ya. In da rabin kayan iri mai tsada ne, yanzu sai ka tona buhu kafin ka ga ɗaya, ka san inda aka kwana. Sai a zauna da tsofaffin masu nutso a tambaye su: da awa nawa kuke yi ku isa wurin kamu, yanzu fa? Da gaba nawa kuke nutsawa? Wata tsohuwa a can ta nuna mini wani fili da ruwa ya janye daga kansa, ta ce tana yarinya sai ta yi hankali kada ta taka su. Mun yi tafiyar kusan awa a filin, guda biyu muka gani. Alama mafi ɗaci ita ce yawan guragu a ƙauye. In na kusa ya ƙare, samari suna nutsawa mita 30, 40, wasu da tiyo a baki da injin iska irin na masu faci a cikin kwalekwale. In mutum ya daɗe a zurfi ya taso da sauri, iskar naitirojin sai ta yi kumfa a jininsa, ta shanye ƙafafu ko ta kashe. A gaɓar Yukatan ta Meziko an yi asarar rayuka da dama ta wannan hanya lokacin da kasuwar ta buɗe a can.

Tambayarka ta biyu, in an rufe yaushe yake dawowa. A nan ne mutanenmu ke yin kuskure, domin muna auna shi da abin da muka sani. A dam, in Sarkin Ruwa ya hana shiga na 'yan watanni lokacin da kifi ke ƙwai, aka hana jan gidan sauro da taru mai ƙananan ido, aka tsaya a kan ido mai inci 3 da dokar kamun kifi ta 1992 ta tanada, shekara ɗaya ko biyu za ka ga bambanci. Karfasa tana balaga cikin watanni, namiji yana neman mace, uwa tana riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe. Gurjin teku ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A Ostireliya an rufe kamun wani baƙin iri mai tsada a babban tsaunin murjaninsu a 1999. Da aka koma ƙirga bayan shekara 4, ba a ga alamar farfaɗowa ba, sai da aka yi shekara 20 kafin a sake buɗewa. Masu binciken can sun nuna cewa irin wannan, ɗibar da ta kai kashi 5 cikin 100 a shekara ma tana iya rage shi. Ka gwada da masu nutson da za su iya kwashe rabin fili a wata guda.

Rufewa kuma ita kaɗai ba magani ba ce. Tsibirin Tonga ya rufe shekara 10, ya buɗe a 2008, abin ya ɗan dawo, cikin 'yan shekaru aka koma gidan jiya aka sake rufewa. Fafuwa Niyu Gini ta rufe daga 2009 zuwa 2017. Indiya ta haramta shi gaba ɗaya tun 2001, amma har yau ana kama masu fasa-ƙwaurinsa zuwa Siri Lanka, inda cinikin yake halal. Tanzaniya ta hana a ɓangaren tudu a 2006, Zanzibar ba ta hana ba, ka san sauran labarin, kai da ke zaune kusa da Kongolam. A tsibiran Galafagos na Ekwado an gwada buɗewa a 1994 da ƙa'idar guda 550,000, aka kwashi miliyoyi, da hukuma ta rufe sai masunta suka mamaye tashar bincike ta Darwin a farkon 1995. Ban ga laifinsu duka ba. Mutumin da ya ci bashi ya sayi inji, ka zo rana tsaka ka ce ya daina, ba ka ba shi wata hanya ba, me kake so ya yi? Kuskuren an yi shi ne tun ranar da aka bari kowa ya shiga.

A ganina, shekarun rufewa lokaci ne na gyara yadda za a buɗe, in ba a yi haka ba an tara wa dillalai ne kawai. Abu na farko da nake dubawa a kowane tsari shi ne ko an rubuta adadin da za a gani a ruwa kafin a buɗe, tun kafin a yi ƙirgar. Galafagos daga baya sun yi haka, suka ce sai an samu 11 a kowane murabba'in mita 100 a wuraren da suke aunawa, in bai kai ba babu kamu a shekarar. Amfanin wannan shi ne yana cire maganar daga hannun ɗan siyasa. In ba a rubuta ba, shekarar zaɓe ce za ta buɗe ruwan.

Sannan a rage hannuwa. Ƙasar tsibiran Seshels lasisi 25 kacal take bayarwa, kowane jirgi da iyakar masu nutson da zai ɗauka, ga kuma watannin hutu. Ba cikakken tsari ba ne, amma sana'arsu ta daɗe ba ta rushe ba. Hana tukunyar iska yana yin aiki biyu a lokaci ɗaya: yana tsare rayukan samari, yana kuma bar wa dabbar mafaka a zurfin da numfashin mutum ba ya kaiwa, daga can iyaye ke aiko da 'ya'ya zuwa bakin gaɓa. A fitar da jerin irin da aka yarda a kama, duk wanda ba ya ciki haramun ne, don kada a riƙa sauka daga mai tsada zuwa mai araha har a share ƙasa. Ƙa'idar girma kuwa a kan busasshe ya kamata a sa ta, tunda ɗanye ba ya tsayawa a auna shi, busasshe kuwa ko shekara ya yi tsawonsa na nan.

Wannan ya kawo ni inda na fi ba ƙarfi. Masu nutso dubbai ne, a warwatse a tsibirai da lunguna, babu hukumar da ke da jiragen da za ta bi su. Masu fitar da kaya waje kuwa ba su da yawa, kuma dole kayansu su bi ta tashar jirgi. Wuyan kwalbar ke nan. In an ce duk buhun da aka samu ƙanana a ciki an ƙwace shi, lasisin mai shi ya tafi, gobe da safe dillali zai daina sayen ƙanana, jibi mai nutso zai daina ɗaukowa. Ma'aikaci ɗaya mai gaskiya da sikeli da ma'auni a bakin sito ya fi jiragen sintiri goma. Na ce mai gaskiya, kuma na san abin da na faɗa.

Sai wuraren da ba a taɓawa sam, inda manya za su taru kusa da juna su yi ta hayayyafa, ruwa ya ɗebi 'ya'yan, waɗanda ke yawo a ruwa na makonni kafin su zauna, ya kai su filayen da ake kamu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Matan Fada a Argungu ba a shiga sai ranar biki, kuma abin da ya tsare shi shi ne kowa ya san mai ruwan, kowa yana jin kunyarsa. Inda aka ba ƙauye ikon ruwan da ke gabansa, ya san in ya bari bana shi zai ci baɗi, ana ganin tsari yana kamawa. Inda baƙo zai iya zuwa da dare ya kwashe, babu wanda zai bari. Wasu wuraren kuma karɓa-karɓa suke yi, a raba ruwa kashi-kashi, a shiga wannan bana, a bar shi shekara biyu ko uku, kamar saurar gona. Yana taimakawa ga irin da ke saurin girma, amma ga masu jinkirin nan shekara uku ba komai ba ce.

Kiwo ma ana yi. A Sin, a lardunan Liyawonin da Shandon, suna kiwon irin nasu mai ƙaya-ƙaya da yawan gaske. A kudu maso yammacin Madagaska, wajen Tuliyar, ana ƙyanƙyashe irin yashin nan a ba mutanen ƙauye, da yawansu mata, su raina a cikin shinge a bakin teku. Babbar matsalarsu ɓarayi ne da ƙaguwa, har hasumiyar gadi suke ginawa a cikin ruwa. Amma kada a ɗauka kiwo zai cika teku. Iri kaɗan ne aka iya ƙyanƙyashewa, kuma kiwon Sin bai rage farautar na daji ba, don mai kuɗi na daji yake nema.

Batun kuɗinka. Akwai yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ke cikin haɗari, Najeriya tana ciki, Sin ma haka. A taron Janeba na 2019 an sa iri uku mafiya tsada, masu wasu ƙullutai a gefe kamar nonuwa, a rukuni na biyu, dokar ta fara aiki a Agustan 2020. A taron Fanama na 2022 an ƙara wasu uku. Rukuni na biyu ba haramci ba ne, amma kaya ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini daga ƙasar da aka kamo shi, ita kuma ba ta da ikon bayarwa sai masananta sun tabbatar fitarwar ba za ta cutar da abin da ya rage ba. Ƙasar da ba ta taɓa shiga ruwa ta ƙirga ba, da me za ta tabbatar? Kai kuma ba ka iya bambance iri da iri in sun bushe, ma'aikacin kwastan na Hon Kon a can Sin kuwa ya iya. Buhu ɗaya na haramtacce a cikin kwantena ya isa a riƙe duka, kuma sunanka ne a takarda, ba na abokinka ba. Ka lura ma da abin da tayin nasa ke nunawa. Mutumin da ke zaune a bakin babbar kasuwar abin a duniya yana roƙon ɗan Daura, wanda garinsu ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, ya nemo masa. Da wuraren da ya saba saye suna da shi, da bai neme ka ba.

Ni dai ba zan sa ba, riɗinka ana shuka shi duk damina. In kuma zuciyarka ta nace, kada ka tura ko sisi sai ka je da ƙafarka. Ka nemi sunan irin a rubuce, sunan kimiyya, ka ga lasisin mai fitarwa da takardar izinin da idonka, ka je ofishin kamun kifi na ƙasar ka tambaya ko lokacin a buɗe yake da kuma yaushe suka yi ƙirga ta ƙarshe. Sannan ka sa a zazzage buhu ɗaya a ƙasa, wanda kai ka zaɓa daga tsakiyar sito, ka auna kilo guda ka ƙirga da hannunka. Ka ɗauki hoton abin da ka ƙirga tare da akwatin ashana a gefe don in ga girmansu, ka turo mini ta WhatsApp kafin ku yi maganar farashi. Ka gaishe mini da Inna.